Kwana 12 Da Aka Yi Shiru: Darasin Malalar Man Morishus Ga Matasanmu

Na san ka taɓa yi, kada ma ka musa. Sabis ya ɗauke, ka ɗaga waya sama, ka zagaya bayan ɗaki, wani ma har kan katanga yake hawa ko Allah zai sa ya samu sanda ɗaya. To ka riƙe wannan hoton a ranka, domin irin wannan neman sabis ɗin ne ya jefa ƙasa guda cikin bala'in muhalli mafi muni a tarihinta.

Ranar 25 ga Yuli, 2020, wani ƙaton jirgin dakon kaya mai suna MV Wakashio, mallakar wani kamfanin Japan, yana kan hanyarsa daga ƙasar Sin zuwa Barazil. Tsawonsa ya kai kusan mita 300. Lokacin korona ne, ma'aikatan jiragen ruwa na shafe watanni ba su ga gida ba. Da suka zo wucewa ta kusa da Morishus, wani ƙaramin tsibiri a Tekun Indiya gabas da Madagaska, sai suka karkato da jirgin wajen gaɓa don wayoyinsu su kama sabis. A ranar kuma ana shagalin zagayowar ranar haihuwar wani ma'aikaci a cikin jirgin, kyaftin ɗin ma daga baya ya amsa a gaban kotu cewa ya ɗan kurɓa. Ba su ankara ba sai ji suka yi jirgi ya hau duwatsun murjani a wani wuri da ake kira Pointe d'Esny, ya kafe.

Jirgin ba tankar mai ba ne, kuma ba ya ɗauke da kaya. Amma a cikinsa akwai man da yake sha da kansa, kusan tan 4,000. Ranar 6 ga Agusta ya fara tsiyaya. Kafin a shawo kansa kusan tan 1,000 ya malale cikin ruwa, wato ka ƙiyasta tankar mai talatin irin waɗanda kake gani a hanya an juye su a wuri guda. Ruwan da masu yawon buɗe ido ke biyan maƙudan kuɗi su zo kallo saboda garai-garai ɗinsa ya koma baƙi ƙirin.

Yanzu ka ƙirga da kanka: daga 25 ga Yuli zuwa 6 ga Agusta kwana nawa ne? Kwana 12. Kwana goma sha biyu jirgin nan yana zaune a gaban idon kowa, igiyar ruwa na dukansa, ana tsayawa a bakin teku ana ɗaukar sa hoto. A kan waɗannan kwanakin nake son mu yi magana yau.

Abin da duniya ta gani

Idan kana kan intanet a lokacin, wataƙila hotunan sun wuce ta gabanka. Dubban mutane, mafi yawansu matasa, sun cika bakin ruwa a garin Mahébourg. Suna ɗinka dogayen buhuna na yadi da raga, suna cusa musu busasshen ganyen rake, suna ɗaura robobin ruwa a jiki don abin ya yi iyo, sannan masunta su ja shi da kwale-kwale su tare man. Da aka ce gashin mutum yana tsotse mai, sai 'yan mata suka fara yanke gashinsu, masu aski da masu gyaran gashi suna yi kyauta suna tara shi a buhu. Ta Facebook da WhatsApp ake sanar da inda ake buƙatar hannu, inda ake buƙatar allura da zare, inda ake buƙatar abinci. Hukuma ta ce jama'a su janye su bar wa ƙwararru, jama'a suka yi kunnen uwar shegu suka ci gaba.

Gaskiya abin ya burge ni, har yanzu yana burge ni. Ƙasar da duka mutanenta ba su wuce miliyan 1.3 ba, ga korona ta kashe harkar yawon buɗe ido da suke ci da ita, amma ba su zauna suna jiran wani ba. Masu kula da namun daji ma sun yi ta kwashe tsirrai da ƙananan dabbobin da babu irinsu a wani wuri a duniya daga wani ɗan tsibiri mai suna Île aux Aigrettes, wanda man ya kewaye. Duk wanda ya raina wannan ƙoƙari bai yi adalci ba.

Amma ɗan'uwa, burgewa daban, lissafi daban. Bari mu yi lissafin.

Mai idan ya zube

Abin da ba a cika faɗa maka a bidiyon minti ɗaya ba shi ne, mai idan ya riga ya shiga teku, ɗan kaɗan ake iya kwasowa. Dabarun da ake da su ba su da yawa. Akwai shinge mai iyo da ake kewaye man da shi. Akwai injin da ke yaɗe man daga saman ruwa, kamar yadda ake yaɗe mai a kan nono. Akwai sinadarin da ake fesawa ya tarwatsa man ya zama ƙananan ɗigo ya nutse. Wani lokaci kuma a tara shi a cinna masa wuta a kan ruwan. Kowanne da matsalarsa. Shinge ba ya aiki idan igiya ta yi ƙarfi, man sai ya tsallake ta sama ko ya sulale ta ƙasa. Injin yaɗewa yana son ruwa a kwance. Sinadari ba ya cire man, ɓoye shi yake daga ido ya tura shi ƙasa wajen kifi, shi ya sa ake gudun fesa shi a ruwa marar zurfi kusa da murjani. Wuta kuwa hayaƙi take turnuƙewa da shi. Ga shi man ba ya jira: cikin sa'o'i yake bazuwa, ya gauraya da ruwa ya yi kauri, kwasarsa ta ƙara wuya.

Kada ka ce ai don Morishus ƙaramar ƙasa ce. Dubi Amurka. Ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon da ke yi wa kamfanin BP aiki ya yi bindiga a tekun Mekziko, mutum 11 suka mutu. Kwana 87 rijiyar tana aman mai a ƙarƙashin teku kafin a toshe ta ranar 15 ga Yuli. Gwamnatin Amurka ta ƙiyasta ganga miliyan 4.9. An fito da mutum kusan 47,000 da dubban jiragen ruwa. Da gwamnatin ta fitar da lissafinta a watan Agusta na shekarar, kashi 3 cikin 100 kacal aka yaɗe daga saman ruwa, kashi 5 aka ƙona, kashi 17 kuma aka tare tun daga bakin rijiyar kafin ya bazu. Ka lura da wannan: wanda aka tare tun daga tushe ya ninka wanda aka yaɗe da wanda aka ƙona idan an haɗa su. Sauran ya ƙafe a iska, ko ya narke, ko ya nutse, ko ya kwanta a gaɓa. A can ma jama'a sun tara gashi tuli, amma masu jagorantar aikin suka ƙi amfani da shi, suka ce yana shan ruwa ya nutse.

A Morishus ma haka abin ya kasance. Abin da ya fi ceton tsibirin shi ne kusan tan 3,000 da ƙwararru suka zuƙe daga cikin jirgin a 'yan kwanaki, kafin ya rabe gida biyu ranar 15 ga Agusta. Da wannan man ya fita, da babu adadin ganyen raken da zai tare shi. To tambayar da 'yan ƙasar suka yi ta yi ita ce: aikin da aka yi cikin gaggawa bayan man ya fara zuba, me ya hana a yi shi a kwana 12 ɗin farko?

Gwamnatin Firaministan wancan lokacin, Pravind Jugnauth, ta ce teku ne ya yi tsauri, igiya ta hana a kusanci jirgin. Ba zan ce ƙarya ba ne, lokacin sanyinsu ne kuma tekun kan yi fushi. Amma gwamnatin da bakinta ta amsa cewa ba ta da isassun kayan aiki da ƙwarewa. Sai ranar 7 ga Agusta, bayan ɓarna ta auku, aka ayyana dokar ta-ɓaci kan muhalli aka nemi agajin Faransa, wadda ta turo kaya daga tsibirin Reyuniyon da ke maƙwabtaka. Japan da Indiya su ma suka turo nasu. Abin haushin, ba wannan ne karo na farko ba: a 2016 wani jirgi mai suna MV Benita ya taɓa kafewa a wannan yanki na kudu maso gabas. An samu gargaɗi, an samu shekara huɗu na shiri. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da nake nufi

Mu 'yan soshiyal midiya muna da wata cuta: sai abu ya yi kyau a hoto muke ganin sa. Jirgi a zaune shiru a kan dutse ba ya tirendin. Tsuntsu ya jiƙe da baƙin mai shi ke tirendin. Ma'ajiyar kayan agaji da babu komai a ciki ba ta jawo layk, amma budurwa tana yanke gashinta tana hawaye za ta samu sharin dubu ɗari. Saboda haka muryarmu ta fi ƙarfi a daidai lokacin da amfaninta ya fi ƙaranci. Kafin ɓarna, lokacin da matsin lamba zai iya sa a yi wani abu, muna can muna musun ƙwallo. Bayan kyamara ta tafi, lokacin da ake maganar diyya da shari'a, mun riga mun koma wani tirendin ɗin.

A nan ne matasan Morishus suka fi ba ni sha'awa, fiye ma da ɗinkin buhun. Ba su tsaya a bakin ruwa ba. A ƙarshen watan Agusta gawawwakin dabbobin ruwa dangin dolfin kusan hamsin suka yi ta fitowa gaɓa. Hukuma ta ce bincikenta bai nuna man ne ya kashe su ba, jama'a ba su gamsu ba. Ranar 29 ga Agusta dubun dubatar mutane suka cika titunan Port Louis, babban birnin ƙasar, zanga-zangar da aka shafe shekaru da dama ba a ga irinta ba. Tambayoyinsu a fili suke: wa ya san me, yaushe ya sani, me ya yi? An kafa kotun bincike. A Disambar 2021 aka yanke wa kyaftin ɗin da mataimakinsa ɗaurin wata 20. Kamfanin Mitsui OSK da ya yi hayar jirgin ya yi alƙawarin yen biliyan ɗaya don farfaɗo da muhalli da tallafa wa jama'a.

Duk da haka kada ka ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. An hana masunta kamun kifi a yankin tsawon watanni. Ranar 31 ga Agusta wani ƙaramin jirgin ja da ke cikin aikin ya nutse, wasu daga cikin ma'aikatansa suka rasa rayukansu, mutanen da ko sunansu bai yi yawo a waya ba. Aikin goge duwatsu da saiwoyin itatuwan bakin teku da hannu ya ɗauki watanni, gindin jirgin kuwa sai farkon 2022 aka gama kwashe shi. Sakacin sa'a guda, wahalar shekaru.

To mu ina ruwanmu?

Na san wani zai ce, malam, ni ina Gusau ko Azare, ban taɓa ganin teku ba sai a fim. Ka yi haƙuri, da ruwanka. Kuɗin da ake rabawa duk wata a Abuja, wanda jiharka ke biyan albashi da shi, kaso mai tsoka daga mai yake fitowa, kuma mai yawa daga cikinsa a teku ake haƙo shi. Wanda yake cin moriyar abu bai kamata ya ce ɓarnarsa ba ta shafe shi ba.

Ka taɓa jin sunan Bonga? Wani filin mai ne na kamfanin Shell, kimanin kilomita 120 daga gaɓar Neja Delta. Ranar 20 ga Disamba, 2011, ana lodin mai zuwa wata tankar ruwa, sai kusan ganga 40,000 ta malale. Ganga ɗaya lita 159 ce, wato sama da lita miliyan shida, tankar hanya kusan 190. Ya ninka na Wakashio sau da yawa. Kamfanin ya ce an fesa sinadari an tarwatsa man tun a teku, bai kai gaɓa ba. Masunta da mazauna gaɓar suka ce ya kai, ya kashe musu kifi ya ɓata musu ƙasa. Wasunsu suka kai ƙara Ingila. A Mayun 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa sun makara, wa'adin shekara shida da doka ta ba su ya wuce. Ka ji fa. Ba a kai ga tantance girman asararsu ba, lokaci ne ya kayar da su. Mu nawa ne a cikinmu muka san an yi wannan shari'a?

Muna da hukumar da aka kafa tun 2006 don gano malalar mai da ɗaukar mataki, wato NOSDRA. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna cewa hukumomin sa ido kan dogara da kamfanonin man ne wajen kai su wurin da aka yi malalar. Ka yi tunani: wanda za ka bincika shi ne zai ba ka abin hawa. Wannan rahoton ne kuma ya ce gyara ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Yaron da aka haifa a shekarar zai iya yin aure ya haihu ba a gama ba.

Kuma abin yana matsowa kusa. A Nuwambar 2022 aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, muka yi ta murna a waya. 'Yan'uwanmu na Nijar sun shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin. Ba teku gare mu ba, amma muna da rafi da fadama da rijiya da gona, kuma mai ba ya tambayar ko ruwan na gishiri ne kafin ya kashe shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran.

Abin da za ka iya yi da wayar nan

Na farko, ka koyi yin tambaya tun abu bai lalace ba. Idan an ce za a haƙa rijiya ko a bi da bututu ta yankinku, tambayar ba ta tsaya a kan guraben aiki nawa za a ba mu ba. A ƙara da: ina rahoton tasirin aikin ga muhalli? Idan ya fashe, wa za a kira, kayan tarewa suna ina, sa'a nawa za su ɗauka su iso? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar gwamnati ka nemi bayani, kuma ta ba ta kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyar ɗalibai ko ta matasan unguwa za ta iya wannan da takarda ɗaya. NOSDRA ma tana da shafi a intanet da ke nuna malalar man da aka kai rahoto a kan taswira. Datar da za ka ƙona a bidiyon barkwanci biyu ta isa ka leƙa.

Na biyu, idan abu ya faru, ka zama shaida mai amfani. Hoto mai ɗauke da rana da wuri da bayani ya fi hoto ɗari mai ɗauke da zagi. Kada ka yaɗa tsohon hoton wata ƙasa ka ce na yau ne, domin ranar da aka kama ƙarya ɗaya, da ita za a rufe gaskiya goma. Ka adana abin da ka ɗauka, kada ka bar shi a situs ya ɓace bayan sa'a 24. Shari'ar Bonga ta nuna cewa takarda da kwanan wata na iya fin hawaye nauyi a gaban alƙali.

Na uku, kada jarumta ta kai ka ga halaka. Mai guba ne, yana cin fata, tururinsa na taɓa huhu. A Morishus an yi ta jan kunnen masu aikin sa kai da su sa safar hannu da takalmi da takunkumi, kuma gargaɗin gaskiya ne ko da daga bakin gwamnatin da ake fushi da ita ya fito. Mu kuma namu ya fi muni, don idan mai ya zube wasunmu da jarka suke rugawa. Ba mu manta da Majiya ta Jihar Jigawa ba, inda a Oktoban 2024 tanka ta faɗi, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi ta ci sama da mutum 150. Allah Ya jiƙansu. Idan ka ga mai ya malale, a ruwa ko a titi, taimakon farko shi ne ka ja baya, ka janye yara, ka kira hukuma.

Na huɗu, kuma shi ne mai wuya, ka dawo. Sa wa kanka tuni a waya: bayan wata uku, bayan shekara, ka sake tambaya. An biya diyyar? An gama gogewar? Kwamitin da aka kafa ya fitar da rahoto? Masu laifi sun san halinmu sarai, sun san fushinmu ba ya wuce kwana uku, shi ya sa suke yin shiru su jira ya huce. Mutum goma da za su riƙa tambaya duk wata sun fi damun hukuma a kan mutum dubu goma da za su yi ihu yini ɗaya.

Ke 'yar'uwa da ke karanta wannan, ba na ce ki fasa yanke gashinki ba idan ranar ta zo, kai ma ban ce ka fasa ɗaukar buhu ba. Ranar da ɓarna ta auku dole a fito, kuma Allah Ya saka wa masu fitowa. Abin da nake roƙo shi ne mu duba kewayenmu yau, mu ga wane jirgi ne ya kafe yana jira. Wataƙila bututu ne da ya yi tsatsa a bayan gari, ko gidan mai da aka gina a tsakiyar gidaje, ko tankokin da ke kwana a bakin kasuwa, ko bakanikan da ke juye baƙin mai a kwatar da ke gangarawa rafin da ake ban ruwa da shi. Kowa na wucewa yana gani, ba wanda ya ɗaga waya, domin bai fashe ba tukuna.

Ka ɗauki hotonsa yau, ka rubuta wuri da rana, ka tura wa wanda alhakin ke kansa, ka ajiye kwafi. In an yi shiru ka sake turawa. Mutanen Mahébourg da za a mayar musu da kwana 12 ɗin nan, na tabbata abin da za su yi ke nan.

Allah Ya kiyaye mu. Sai mako mai zuwa.